SHIN ABIN DA AKA GANI CIKIN JINI ƘADDARA NE?

'Yan'uwana ɗalibai, tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa ta mujallarmu daga ɗakin binciken likitoci ta taso, amma ta shafi duk wanda yake da ɗa ko ƙane. Ga yadda take. A ce yara biyu ne kwance a ɗaki ɗaya na asibiti, sa'o'in juna, kowanne ɗan shekara huɗu. Dukansu sankarar jini ce ta kama su, zazzaɓinsu iri ɗaya, ɗashewarsu iri ɗaya, ciwon ƙashin da yake hana su barci iri ɗaya. Likita ya ɗebi ɓargon kowannensu ya aika a duba. Da sakamako ya dawo sai ya ce wa iyayen na farko, "Masu irin ciwon ɗanku, cikin goma tara suna warkewa." Ya juya ga iyayen na biyu ya ce, "Masu irin na ɗanku kuwa, da ƙyar rabinsu suke tsira." Abin da ya raba waɗannan yara biyu wani ɗan zare ne wanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita.

To, wai shin maganar da likitan nan ya yi hukunci ce da aka riga aka yanke? Ya dace a gaya wa iyaye ita, ko kuwa rufe ta ya fi zama jinƙai? Sa'an nan in magani ya yi ƙaranci, ya halatta a dubi wannan zare a ce wane za a yi wa, wane za a bari? Waɗannan tambayoyi uku zan bi ɗaya bayan ɗaya. Amma da yake Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu, bari mu fara sanin ciwon kansa tukuna.

CIWON DA ZARENSA

A cikin ɓargo ake ƙera jini. Daga cikin abin da ake ƙerawa akwai fararen ƙwayoyin jini, watau dakarun da suke kare jiki daga cututtuka. Wani lokaci ɗaya daga cikin 'ya'yan waɗannan dakaru takan ƙi girma ta kai munzalin aiki, sai ta yi ta haihuwar irinta ba ƙaƙƙautawa, har su cika ɓargo su hana sauran jini wurin zama. Daga nan yaro ya ɗashe, jini ya riƙa fita ta hanci ko ta dasashi, zazzaɓi ya ƙi jin magani. Wannan ita ce sankarar da likitoci suke kira ALL a taƙaice. A yawancin ƙasashen duniya ita ce sankarar da ta fi yawa tsakanin yara, ta kuma fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5.

A tsakiyar kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai waɗansu zarurruka a nannaɗe, masu ɗauke da umarnin yadda ƙwayar za ta yi aikinta. Su ake kira kuromosom. Guda 46 ne, biyu-biyu, 23 daga uwa, 23 daga uba, an kuma ba su lambobi domin a gane su. Wannan adadi da kowane ɗan sakandare ya haddace a yau, sai a shekarar 1956 aka tabbatar da shi, lokacin da Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga su daidai a birnin Lund na ƙasar Suwidin. Kafin nan an yi shekara fiye da 30 masana suna koyar da cewa 48 ne.

A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka lura da wani guntun kuromosom a jinin manyan mutane masu wata irin sankarar jini, aka raɗa masa sunan birnin da aka gano shi, watau Filadelfiya ta ƙasar Amurka. A 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta nuna cewa musanye ne ya auku: kuromosom na 9 da na 22 kowanne ya gutsure ya ba ɗan'uwansa. Daga baya aka tarar da wannan musanye a cikin yara masu ALL, kimanin 3 zuwa 5 cikin kowane 100, aka kuma lura su ne ciwon ya fi komo wa bayan magani.

Daga nan likitoci suka shiga duba kuromosom na ƙwayoyin sankarar kowane yaro, suna rubutawa, suna bin yaran shekara da shekaru domin su ga ƙarshen kowa. Abin da suka samu yana da ban mamaki. Yaran da ƙwayoyin sankararsu suke da kuromosom fiye da 50, waɗanda sun kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ciwon, suna cikin waɗanda suka fi warkewa. Haka ma masu musanye tsakanin na 12 da na 21, wanda aka gano a 1995, su ma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne, kuma fiye da 90 cikin 100 nasu suna rayuwa. Amma waɗanda kuromosom ɗin ya gaza 44, da masu na Filadelfiya, da jariran da ba su kai shekara ɗaya ba waɗanda kuromosom na 11 ya karye musu, nasu ya fi tsanani. Wannan karaya ta na 11 ana samunta a wajen kimanin uku cikin huɗu na jariran da suke kamuwa.

Akwai abu ɗaya da ya wajaba a faɗa da babbar murya. A mafi yawan lokuta wannan ɓaci a cikin ƙwayoyin sankarar kaɗai yake, sauran jikin yaron kuromosom ɗinsa 46 ne cif. Watau ba gadonsa ya yi ba daga uwa ko uba. Na faɗi haka ne domin mun san halinmu: in ciwo ya gagara, sai a fara neman jinin gidan wa ya kawo shi, kuma sau da yawa a kan uwa laifin yake sauka.

MENE NE HASASHE?

Yanzu sai tambaya ta farko. In likita ya ce tara cikin goma, me ya faɗa ke nan? A ganina labarin waɗansu yara ya bayar, waɗanda suka riga suka wuce ta wannan hanya. Ya ƙirga ɗari da suka zo da irin wannan kuromosom, ya ga casa'in sun warke, goma sun rasu. Lissafin gaskiya ne, amma bai ambaci sunan yaron da yake kwance a gabansa ba, bai kuma ce yana cikin casa'in ko yana cikin goma ba. Yaro ɗaya ba ya warkewa kashi casa'in. Ko dai ya warke ko kuwa a'a. Manomin da ya san damina tara cikin goma gonarsa tana yin kyau ya san abu mai amfani ƙwarai, zai kuma yi shuka a kan wannan sani, amma har yanzu bai ga rumbun bana ba.

Wani bincike ya ƙara fito da wannan magana fili. Mel Greaves da abokan aikinsa a birnin Landan sun nuna cewa musanyen na 12 da na 21 tun yaro yana ciki yake aukuwa. A 2002 suka bayar da sakamakon duba jinin cibiya na jarirai lafiyayyu, inda suka tarar kimanin ɗaya cikin 100 yana ɗauke da ƙwayoyi masu wannan musanye. Amma cikin masu ɗauke da shi ɗin, kimanin ɗaya ne cikin 100 yake kamuwa da ciwon. Saura 99 za su girma, su yi aure, su tsufa, ba su ma san suna da shi ba. Ashe ke nan ɓacin kuromosom shi kaɗai bai isa ko ya kawo ciwon ba, balle ya yanke ranar mutuwa.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi, daga tarihi kuma ta fito. A 1948 Sidney Farber na birnin Boston ya bayar da labarin yara 16 da ya ba wani magani mai suna aminopterin, 10 daga cikinsu suka sami sauƙi na ɗan lokaci kafin ciwon ya komo. A wancan zamani duk yaron da ya kamu, mutuwa ce, kuma akwai likitocin da suka ga laifin Farber, suna cewa a bar yara su cika cikin salama. Har farkon shekarun 1960 waɗanda suke tsira ba su kai 10 cikin 100 ba. A 1962 aka buɗe asibitin St. Jude a birnin Memphis, inda Donald Pinkel ya haɗa magunguna da yawa a lokaci guda, ya bi ciwon har cikin ƙwaƙwalwa da laka inda yake ɓuya, ya kuma tsawaita magani zuwa shekara biyu ko uku. A farkon shekarun 1970 kusan rabi suna warkewa. A yau a ƙasashe masu arziki kimanin 90 cikin 100 ne.

Haka abin ya kasance ga kowane irin kuromosom. Musanyen na 1 da na 19 an daɗe ana lissafa shi cikin miyagu, da aka ƙarfafa magani sai ya fita daga cikinsu. Wani ɓaci da yake aukuwa a na 21, likitocin Birtaniya sun ga masu shi ciwon yana yawan komo musu in an ba su magani na yau da kullum, da aka mai da su kan mai ƙarfi sai abin ya gyaru. Na Filadelfiya shi ne babban misali. A 2001 aka amince da wani magani mai suna imatinib, wanda yake toshe ainihin abin da musanyen na 9 da na 22 yake ƙerawa. A 2009 wata ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayar da rahoto cewa yaran da aka haɗa wa imatinib da sauran magunguna, kimanin 80 cikin 100 sun kai shekara uku ciwon bai komo ba, alhali a da kimanin 35 ne. A 2023 kuma aka bayar da sakamakon gwajin wani magani mai suna blinatumomab a kan jarirai 30 masu karayar na 11, aka ga kimanin 82 cikin 100 sun kai shekara biyu lafiya, inda a da kimanin 49 ne.

Ya kai mai karatu, a duk waɗannan shekaru kuromosom na 9 da na 22 ba su sauya hali ba. Abin da ya sauya shi ne abin da yake hannun likita. Saboda haka hasashe magana ce a kan abu biyu a haɗe, watau ciwon da kuma maganin da aka tare shi da shi, kuma in an taɓa ɗaya lissafin duka ya motsa. Har ma likitoci a yau ba sa tsayawa kan kuromosom kaɗai. Bayan wata guda na magani sukan sake duba ɓargo da na'urar da take iya tsinto ƙwayar sankara ɗaya cikin 10,000, kuma yadda ciwon ya ji magani yakan rinjayi abin da aka faɗa a ranar farko.

Abin da muke kira ƙaddara, saninsa na Allah ne, likitan kirki kuma ba ya da'awarsa. Don haka ina ganin mutum biyu suna kuskure iri ɗaya ko da yake suna ganin sun saɓa: likitan da ya ɗauki lissafinsa hukunci, da uban da ya ji lissafin ya naɗe hannu ya ce haka aka rubuta. Dukansu sun ɗauki abin da ake iya sauyawa sun ajiye shi cikin abin da ba a iya sauyawa. Iyayenmu kuwa cewa suka yi, Allah ya ce tashi in taimake ka.

A FAƊA KO A RUFE?

Masu cewa a rufe ba mugaye ba ne, hujjarsu kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa uwar da take jinya ƙarfinta a zuciyarta yake, in ka karya mata zuciya wa zai riƙe yaron? Suna cewa tun da lissafin bai ambaci wannan yaro ba, me ya sa za a ɗora wa iyayensa nauyinsa? Mu da aka rena da kara da kawaici mun fi kowa fahimtar wannan. Ba mu kaɗai ba ne kuma. A wani bincike na 1961, kimanin 90 cikin 100 na likitocin Amurka da aka tambaya sun ce ba sa gaya wa mai sankara sunan ciwonsa. Da aka sake tambaya, sakamakon da ya fito a 1979 ya nuna 97 cikin 100 sun ce suna faɗa.

Duk da haka ni ina tare da masu cewa a faɗa, ga kuwa dalilaina. Na farko, iyaye ne za su ɗauki nauyin shekara biyu ko uku na magani, da zirga-zirga, da barin sana'a, wani har da sayar da gona. Wanda za a nemi ya sayar da gonarsa yana da haƙƙin ya san abin da yake saye. Na biyu, yaro mai kuromosom mai tsanani za a ba shi magani mai zafi, watakila har da dashen ɓargo, wanda shi kansa yana iya kisa. Ta yaya uba zai yarda da wannan da zuciya ɗaya in ba a gaya masa dalili ba? Na uku, labari mai daɗi ma yana bukatar a faɗe shi sosai. Bayan watan farko yawancin yara sukan murmure, su tashi su yi wasa, sai iyaye su ga an gama, su tattara su koma gida, ciwon kuwa yana nan a ɓoye. Uban da aka zaunar aka gaya masa cewa tara cikin goman nan na waɗanda suka kai ƙarshen magani ne, shi ne zai jure ya kai ƙarshe. Na huɗu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ciwon ya komo iyaye suka gane an rufe su, sun daina yarda da likita a daidai lokacin da suka fi bukatarsa.

Sai dai faɗa ma iri-iri ce. Wanda ya jefa wa uwa lamba a bakin ƙofa ya wuce, bai gaya mata gaskiya ba, rabinta ya gaya mata. Cikakkiyar gaskiya ita ce a faɗi lambar, a faɗi cewa ta yaran da suka gabata ce, a faɗi abin da za a yi saboda ita, a faɗi cewa ba laifin kowa ba ne, a kuma faɗi cewa ko yaya ta kaya ba za a yar da yaron ba. Shi ma yaron, in ya yi wayo, yana da rabonsa na gaskiya daidai hankalinsa, domin yara sukan karanta fuskar iyayensu tun kafin a buɗe baki.

INA ADALCI YAKE?

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi. Amfanin farko na sanin kuromosom shi ne a ba kowa magani daidai ciwonsa. Magungunan sankara ba ruwan sanyi ba ne. Gashin kai da hasken na'ura, wanda aka daɗe ana yi wa yara, ya bar da yawa da raunin koyon karatu, waɗansu magungunan kuma suna raunana zuciya har bayan shekaru. Saboda haka yaron da ciwonsa yake da sauƙi, zalunci ne a ba shi abin da ya wuce bukatarsa. Wani babban gwaji da aka fara a Birtaniya a 2003, wanda sakamakonsa ya fito a 2013, ya nuna ana iya rage wa yaran da ciwonsu ya ji magani da wuri wani sashe na maganin ba tare da an cuce su ba. Shi kuwa mai ciwo mai tsanani, zalunci ne a rage masa. A nan adalci shi ne a bambanta, domin ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Amma fa duk wannan magana ce ta inda magani yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na yara masu sankara suna warkewa, alhali a ƙasashe matalauta da yawa ba su kai 30 ba. Shi ya sa a 2018 ta ƙaddamar da shirin kai wannan adadi 60 cikin 100 a duniya baki ɗaya kafin 2030. Ka duba wannan tazara da kyau. Yaro mai kuromosom na Filadelfiya a Memphis ya fi yaro mai kuromosom mafi sauƙi damar rayuwa in shi wannan an haife shi inda babu jinin ƙari, babu maganin da zai kai shekara biyu bai yanke ba, babu ma wanda zai duba ɓargon. Ashe inda aka haifi yaro da abin da yake aljihun ubansa sun fi kuromosom ƙarfin faɗa a ji, su kuwa waɗannan biyu aikin mutane ne. Ko farashin magani ma shawarar mutane ce: a 2013 Kotun Ƙoli ta Indiya ta ƙi ba kamfanin Novartis haƙƙin mallakar imatinib a ƙasar, abin da ya bar ƙofa a buɗe ga masu yin irinsa da araha.

To, in asibiti yana da kuɗin da zai yi wa yaro ɗaya dashen ɓargo, ko kuwa ya yi wa yara da yawa magani mai sauƙi, me zai yi? Ba zan yi kamar amsar ba ta da zafi ba. Ina ganin wanda ya zaɓi ceton masu yawa bai yi laifi ba, kuma duban hasashe a irin wannan hali ya fi duban wane ne ɗan wane. Amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, wanda ba a iya yi wa babban magani ba, har yanzu yana da haƙƙin a kashe masa zafin ciwo, a kula da shi, a gaya wa iyayensa gaskiya. Hasashe yana iya nuna irin maganin da za a ba yaro, amma darajar yaron ba ta hawa ko sauka da lambar kuromosom ɗinsa. Na biyu, a kira abin da sunansa. In rashi ne ya sa aka bar yaro, a ce rashi ne, kada a laƙaba wa ƙaddara. Wanda ya ce rashi ne zai tashi gobe ya nemi yadda za a cike shi, a majalisa ko a ma'aikatar lafiya ko a ɗakin bincike. Wanda ya ce ƙaddara ce ya rufe maganar ke nan.

KAMMALAWA

A taƙaice, ra'ayina shi ne kuromosom yana faɗin gaskiya, a saurare shi, a kuma isar wa iyaye abin da ya faɗa cikin ladabi da cikawa. Amma abin da yake faɗa shi ne inda iliminmu da ƙoƙarinmu suka tsaya a yau. Da Farber ya saurari masu cewa a bar yara su cika cikin salama, da waɗanda suka biyo bayansa sun ɗauki 35 cikin 100 a matsayin iyaka, da har yanzu a can muke. Cikinku akwai waɗanda gobe za su riƙe takardar sakamako su zauna gaban iyaye, akwai kuma waɗanda za su riƙe alƙalamin kasafin kuɗi. Ina roƙon kowanne, in ya ga lamba marar daɗi, ya fara tambayar kansa nawa ne daga cikinta na ciwon, nawa ne kuma namu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri da juriya.